Darakta da Takardar Gamsuwa

Maigidana ya rasu, kuma tun daga ranar layinmu ya yi shiru. Ba mai tare mutum a bakin shago ya yi masa bayanin abin da bai tambaya ba. Ni ba mai dogon karatu ba ce, amma na ga gara in rubuta labarin takardar gamsuwa da hannuna, don kowa yana ba da shi yadda ya ga dama, mai askin layinmu har ƙari yake yi. To ga yadda aka yi.

Shagon wanki da guga muke da shi. Mu uku ne a ciki. Ni ina baya, wajen baho da igiyar shanya. Baba mai guga yana tsakiya, da teburinsa da dutsen guga na gawayi. Shi kuma Malam, maigidana, yana gaba a kanta, yana karɓar kaya, yana laluba aljihu kafin a kai mini, yana magana. Maganar ce babban aikinsa. Shi ya sa wa kansa suna Darakta, ya sa aka rubuta a allon shago. Mutanen layi suka bi shi da sunan, da farko don tsokana, daga baya don sun manta na gaskiyar.

Ba rigunan mutanen layi ne suka riƙe shagon ba. Zannuwan gado ne da tawul da rigunan filo na Hajiya mai masauki, wadda take da gidan saukar baƙi a bayan tasha. Duk mako motarta takan zo ta sauke mana ƙunshi-ƙunshi. Da wannan wankin ake ɗora tukunya a gidanmu, da shi yara suke zuwa makaranta. In ya tafi, mun shiga uku.

Ana nan sai wani ya buɗe shagon wanki na inji a tsallaken titi, daidai saitin namu. Ƙofar gilashi, fitilu, injuna jere suna juyawa. Mai injin mutum ne shiru-shiru, ko gaisuwarsa sai ka kasa kunne. Wata safiya motar Hajiya ta ɗan tsaya a ƙofarsa kafin ta tsallako wajenmu. Malam ya gani. Ranar bai ci abincin rana ba, abin da ban taɓa gani ba tun aurenmu.

Kashegari ya je banki, aka miƙa masa wata 'yar takarda a bakin ƙofa, wai ya cike ko ya gamsu da yadda aka karɓe shi. Bai cike ba. Naɗo ta ya yi a aljihu, ya taho yana haki.

“Maman yara, ajiye sabulun nan ki zo ki ga sirrin manyan kamfanoni.”

“Hannuna duk kumfa, Malam.”

“Kumfar ce ta hana ku ci gaba. Kin san sunan wannan? Auna gamsuwa. Yanzu ba a riƙe kwastoma da sabulu, da tambaya ake riƙe shi. Zan tambayi kowa, in tara amsa, in kira Hajiya gaban jama'a ta ji da kunnenta cewa duk faɗin unguwar nan ba kamarmu. Wancan mai injin kuwa, ki rubuta ki ajiye, nan gaba kaɗan zai zo neman aikin shanya a wajenki.”

Na ce, “In zai zo ya taho da igiyarsa, tamu ta kusa tsinkewa.”

Ya zauna a kanta ya yi ta rubutu, ya hana kowa tari. Da ya gama, ni ya fara gwadawa. Ya zaunar da ni a kan bokiti, ya gyara murya.

“Tambaya ta farko. Yaya kika ga aikinmu? Zaɓi ɗaya: na gamsu; na gamsu ƙwarai; gamsuwa ta hana ni magana.”

“In mutum bai gamsu ba fa?”

“Sai ya ɗauki na farko. Ta biyu. Wane ne ya fi burge ki a shagon nan? Darakta; mai shagon; mutumin da yake zama a kanta.”

Tela, maƙwabcinmu, bango ɗaya ya raba mu, kuma bangon na katako ne. Ya tsayar da kekensa ya leƙo.

“Darakta, wannan ai ba tambaya ba ce, kirari ne. Hajiya ta gani dariya za ta yi. Masu ilimin abin, inda aka kasa suke tambaya.”

“Kai da ka ɗinka wa mutum wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kai za ka koya mini inda aka kasa?”

“Shi ya sa na san wurin.”

Malam ya kore shi. Amma abu ɗaya da bai iya ɗauka ba a duniya shi ne a ce wani ya fi shi sanin abu. Tela na komawa kan kekensa ya yage takardar, ya sake sabuwa. A nan matsalar ta fara, don ba wanda ya san inda shagonmu ya kasa kamar Malam. Yawancin ɓarnar shi ya yi ta da hannunsa, ranakun da Baba bai zo ba. Ya zuba su duka. Ka taɓa juya wuyan rigarka ka ga ƙuna daga ciki? Ka taɓa lura an sa maka maɓallin da bai yi kama da 'yan'uwansa ba? Ka taɓa jin wandonka ya canja bayan wanki, kamar ba naka ba? Ka taɓa shinshina hammatar riga ka ji ƙaurin gawayi?

Na ce, “Malam, wannan ai tona asiri ne.”

“Gaskiya ce, kuma da gaskiya kamfanoni suka girma. Duk a'a za su ce. Wa yake juya wuyan riga?”

Ya kai aka buga masa takardun, kowace ɗaya shafi-shafi kamar jarrabawa. Ya sa aka sassaƙa masa hatimi mai sunansa, ya sayo jar tawada, ya danna a kowane shafi, sama da ƙasa. Sannan ya kafa doka: ba a ba da kaya sai an cike takarda an jefa a wani kwali da ya sa wa suna akwatin amsa.

Wanda ya fara faɗawa shi ne malamin makaranta, ya zo da sassafe karɓar rigarsa yana duba agogo.

“Darakta, ina da aji yanzu.”

“Ajin ba gudu zai yi ba. Ga biro.”

Malamin ya fara cikewa a tsaye. Da ya kai tambayar wuyan riga sai ya tsaya, ya jawo rigar, ya juya wuyan. Ga hancin dutsen guga nan a zane, ruwan ƙasa.

“Wannan fa?”

“Tsohuwa ce, ta bara ce.”

“Ta bara?”

“Sai ka sa alama a eh.”

Mutanen da suke bayansa suka kalli juna. Kowa ya jawo kayansa ya fara juyawa. Kafin rana ta ɗaga, bakin shagonmu ya koma kamar kasuwar gwanjo: wannan yana ɗaga riga ga hasken rana, wancan yana ƙirga maɓallai, wani ya cusa hanci a hammata. Mutanen da suka yi shekaru suna karɓar kaya suna godiya, ranar kowa ya gano an daɗe ana cutarsa.

Direban bas, wani ƙaton mutum, ya karanta tambayar wando. Ya dubi wandon da yake jikinsa, wanda ya matse shi har da ƙyar yake zama.

“Ni na ɗauka ƙiba na yi. Har abincin dare na daina ci.”

Mahauci yana bayansa, siririn mutum, riƙe da ƙugun nasa wandon kada ya zame. Ya sunkuya ya duba ƙafar wandon direba.

“La'ila! Wannan ai nawa ne, ga inda wuƙa ta taɓa. Ni da aka ce mini na rame, har asibiti na je aka ɗebi jinina!”

“To ba ni nawa.”

“A nan zan tuɓe maka?”

Malam ya shiga tsakani yana murmushi. “Kun gani? Ba don binciken nan ba, da har ku mutu ba ku sani ba.”

Mai aski yana tsaye a ƙofarsa da almakashi, wanda yake wa aski ya fito da rabin kai yana kallo. Mai askin ya ɗaga murya, “Darakta, a ƙaro tambaya! Tun da na zo layin nan ban ga cika irin ta yau ba.”

Waɗanda ba su iya karatu ba, Malam da kansa yake karanta musu, da ƙarfi, don na baya su amfana. Wata tsohuwa ta zo karɓar mayafinta.

“Iya, shekarunki nawa? Kina da aure? Kaya kala nawa gare ki a gida?”

“Kai ɗan nan, aurena za ka yi ko mayafina za ka ba ni?”

Daga nan mutane suka koyi dabara. Sai su laɓe a shagon aski, su jira Malam ya tafi salla, su rugo su karɓi kayansu a hannuna. Da ya gane, bai karaya ba. Ya ce zai riƙa saka takardar a aljihun kayan da aka goge. Mutum ya cike a gida, ya mayar aljihu, in riga ta yi datti ta dawo da amsarta.

“Takarda ta tafi da riga ta dawo da riga. Ko banki ba su kai nan ba.”

Rigunan suka dawo da takardunsu, ba wanda ya ko warware. Laluba aljihu aikin Malam ne, amma ranar yana ƙofar mai aski yana masa bayanin yadda zai auna gamsuwar masu aski. Na kwashi fararen kaya na jiƙa a baho kamar kullum, na tafi shanya. Da na dawo, ruwan ya koma ja wur. Na tsamo rigar farko, hatimin Darakta ya fito a ƙirji, har ana iya karanta sunan. A cikin bahon akwai fararen rigunan aikin wata nas.

Da ta zo, ta ɗaga rigar da yatsu biyu.

“Darakta, da wannan zan shiga wajen marasa lafiya? Ai masu ƙafa guduwa za su yi, marasa ƙafa su suma.”

“Sista, kin zo a daidai. Akwai tambaya kan launi a shafin baya.”

Abin da ta faɗa masa ba zan rubuta ba, yara za su iya karantawa. Ni dai na gode Allah da zannuwan Hajiya ba sa cikin wannan bahon.

Da yamma Malam ya tara mu, ni da Baba, ya ce ya gano tushen matsalar. Daga ciki take. Ma'aikatan da ba su gamsu ba, ba za su gamsar da kowa ba. Ya kawo kwalin sabulu, ya tsaga masa baki a sama, ya rataya masa kwaɗo.

“Kowa ya rubuta abin da yake ransa. Ba suna. Sirri ne.”

“Malam, mu biyu ne.”

“Shi ya sa sirrin yake da muhimmanci.”

Ni na rubuta a sayi igiya. Baba kuwa bai iya rubutu ba. Malam ya ce ba komai, shi zai rubuta masa, amma zai juya fuskarsa ga bango don kada ya ga mai magana. Ya juya. Baba ya gyara tsayuwa, ya ajiye dutsen guga.

“Rubuta. Mai shagon nan surutunsa ya fi aikinsa.”

Malam ya rubuta.

“Rubuta. Duk ranar da ya taɓa dutsen guga, wani zai yi kuka. Rubuta. Gawayin da yake sayowa hayaƙi ne zalla.”

Malam ya rubuta duka, ya ninke, ya jefa a kwali, ya ce Allah ya yi wa mai ra'ayi albarka. Da safe ya buɗe kwaɗon a gabanmu, ya karanta tawa ya ce za a duba. Ya warware ta biyu. Fuskarsa ta canja.

“Wa ya rubuta wannan?”

Na ce, “Kai ka rubuta.”

“Ba hannu nake tambaya ba, baki nake tambaya.”

Ya fara bincike. Ya ce salon maganar ya yi kama da na tela. Ya buga bango ya tambaye shi inda yake jiya da yamma. Tela ya ce yana nan yana saurare. Baba ya gaji.

“Ni na faɗa, ɗana.”

“Ba ka isa ka faɗa ba, Baba, sirri ne! Yanzu ka karya dokar bincike. Dole in ja maka kunne a rubuce.”

Baba ya ɗauki dutsen guga. Ya zazzage gawayin dutsen a ƙasa, ya yayyafa masa ruwa, ya ɗauki hularsa.

“Na tafi gidan 'yata. In ka gano wanda ya faɗa, ka aiko mini.”

A wannan makon zannuwan Hajiya suna kan igiya, sun bushe fes. Na ce zan goge. Malam ya ce kayan babban kwastoma sai hannun Darakta. Ya kulle kansa da dutsen guga a hannu ɗaya, biro a ɗaya, don a lokacin yake tsara wata takarda ta musamman da zai aika wa Hajiya ita kaɗai. Na ji ƙauri, na buga ƙofa.

“Gawayin ne,” in ji shi daga ciki. “Bincike ma ya nuna.”

Ya ninke zannuwan da kansa, ya ɗaure, ya hana ni taɓawa.

Ranar buɗe akwatin amsa, ya ɗauko hayar rumfa da kujeru da lasifika, aka kafa a ƙofar shago har an ci rabin titi. Ya gayyaci duk layin. Ya gayyaci har mai injin tsallake, wai ya zo ya ɗauki darasi. Mutumin ya zo, ya zauna a kujerar ƙarshe, ya haɗa hannuwa. Hajiya ta zauna a gaba da tabarau da jakarta a cinya. Ni ina bayan labule ina leƙe.

Malam ya fito cikin baƙar kwat. Malamin makaranta ya ƙura masa ido.

“Kwat ɗin nan kamar na san ta.”

“Gwada ta ake yi, tana cikin bincike. Zauna.”

Ya kama lasifika, ya yi bayani mai tsawo kan tarihin wanki. Sannan ya ɗaga kwalin da kwastomomi suka jefa amsa, ya rantse bai leƙa ciki ba, ya ce duk abin da hannunsa ya zaro zai karanta, don shi ba ya tsoron gaskiya.

Ta farko ba a rubuta komai ba. Ya juya ta gaba da baya.

“Wannan bawan Allah gamsuwa ta hana shi magana.”

Ta biyu duk maiƙo ce, ta mahauci. An rubuta da manyan baƙaƙe: a dawo mini da wandona da jinina. Ta uku ba rubutu, an dai maƙala ƙyallen farar riga mai jan tambari. Sai wasu da yawa masu hannu iri ɗaya, kowace tambaya an sa eh, har tambayar shekaru. Mai aski ya miƙe ya rusuna wa jama'a.

Malam bai girgiza ba. “Kun ga dai jama'a sun ba da haɗin kai.”

Sai Hajiya ta ɗaga hannu. Ta zaro takardarta daga jaka.

“Darakta, ni ma na cike tawa, amma akwai wadda ban gane ba.”

“Faɗi, Hajiya. Don ke aka yi taron.”

Ta gyara tabarau ta karanta a hankali. “In da za ki bar mu ki koma shagon tsallake, wane dalili ne zai kai ki? Don suna gamawa a rana ɗaya. Don injinsu yana busar da kaya ko ana ruwan sama. Don suna zuwa har gida su ɗauka su mayar. Don ba gawayi ba ƙuna.” Ta ɗago kai. “Wai shagon can wanki suke yi? Ni na ɗauka injuna suke sayarwa. Ranar da muka tsaya a can, motar ce ta yi zafi, direba ya roƙi ruwa. Duk wannan da ka rubuta gaskiya ne?”

Na girgiza labule. Tela ya yi tari har sau da yawa. Amma Malam bai taɓa jin tambaya ya bar ta ta wuce ba.

“Gaskiya ne, Hajiya, kuma kaɗan na rubuta don takarda ta cika. Ni ba na bincike rabi. Injin nan da kike gani, zafinsa ma daban ne. Ki saka zanin gado, ko kuɗin cizo ne a ciki, shi da ƙwansa, ba mai fitowa da rai.”

“Kuɗin cizo?” Hajiya ta matso gaban kujera.

“Har ƙwansa. Tawul kuwa yana fitowa da laushi kamar sabo, ba irin na igiya da yake bushewa kamar fata ba. Kuma in kaya da yawa ne irin naki, na ji suna ragi.”

Mai aski ya yi ihu daga baya, “Darakta, tare kuka buɗe shagon ne?”

Jama'a suka kwashe da dariya. Mai injin ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. A nan ne Malam ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Lasifikar ta yi ƙara ita kaɗai. Sai ya ɗaga yatsa.

“Amma! Guga irin ta hannu, wannan inji bai iya ba. A kawo zannuwan Hajiya.”

Ba wanda ya motsa, ya shiga ya ɗauko da kansa. Ina jin ya ɗauka na saman ƙunshin lafiyayye ne. Ya ba tela gefe ɗaya, ya kama ɗaya, suka ja da baya, zanin ya buɗe gaban kowa. Sawun dutsen guga ya jeru daga wannan gefe zuwa wancan, kamar wani abu ya bi ta kai da ƙafa. A tsakiya, inda ya tsaya tunanin tambaya, ya huje gaba ɗaya. Ta wannan hujin na hango fuskar Hajiya.

Malam ya sa tafin hannu ya rufe. Hujin ya fi tafin girma.

Hajiya ta sake buɗe takardarta, ta juya shafi.

“Wannan ma ka tambaya. Ko kin taɓa ganin ƙuna a zanin gado. Na sa a'a. Ba ni biro in gyara.”

Shi ya miƙa mata biron.

Sabon wankin da ta kawo yana cikin motarta, ba a riga an sauke ba. Ta yi wa direbanta alama. Ko motar ba a tayar ba, ɗaukar ƙunshin ya yi a ka ya tsallaka titi, duk layin yana kallo. Mai injin ya tashi a hankali, ya mayar da kujerarsa cikin jeri, ya je ya buɗe ƙofar gilashi. Hajiya ta zo har bayan labule ta kama hannuna.

“'Yar'uwa, wankinki ba shi da laifi. Ki yi haƙuri, baƙi nake saukewa.”

Tana tafiya Malam ya bi ta da gudu, kwat ɗin malamin makaranta tana kaɗawa, da wata takarda a hannu.

“Hajiya, saura ɗaya! Yaya kika ga taron?”

Ta tsaya, ta waiwayo. “Kujerun suna da daɗin zama.”

Ya rubuta.

Mai kujerun ya fara kwashe kayansa Malam yana kan lasifika yana godiya ga mahalarta. Da kowa ya watse, ya shigo ya zauna a kan bokiti, ya cire kwat ɗin ya ninke.

“Maman yara, binciken ya yi nasara. Kamfanoni suna shan wahala ba su gano dalilin tafiyar kwastoma ba. Mu a zaune muka ji.”

“Kai ka faɗa mata, Malam.”

“To, an dai faɗa.”

Hajiya ba ta dawo ba. Mun sha wuya, ba zan ɓoye ba. Na koma bin gidaje ina karɓo wanki, tukunya wani lokaci sai da yamma ake ɗora ta. Baba ya dawo wata safiya ba tare da an aika masa ba, ya hura gawayi, ba wanda ya tayar da maganar. Malam bai sake buga takarda ba. Duk mako yakan ga motar Hajiya ta tsaya a tsallake, sai ya tashi ya shigo baya ya taya ni matse kaya, yana yi mini bayanin yadda ake matsewa.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Wata rana da hantsi ina zaune gefensa, ya buɗe ido.

“Zannuwan nan dai da ma ciwon baya suke sa miki.”

Na ce haka ne.

“Ni na raba ki da su.”

Na ce na sani.

Sannan ya ce, “Maman yara, zaman nan da muka yi, yaya kika gan shi?”

Na buɗe baki ke nan, ya riga ni.

“Na san kin gamsu.”

Ya juya ya yi barci. Ban musa ba, kuma ba don yana ciwo ba ne.

Yanzu yana inda shi ake tambaya. Duk wanda ya karanta wannan, ko yana cikin waɗanda aka ƙona wa wuyan riga, ya yafe masa, ya taya ni roƙo. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa. Allah ya sauƙaƙa masa tambayoyin kabari, ya ba shi ikon amsa su daidai, ya kuma ba shi ikon tsayawa a iyakar abin da aka tambaye shi. Ku ce amin.